Ƙofar da Ta Kalli Tsamiya

Ni ɗan kasuwa ne. Karatuna bai wuce na allo da 'yan shekarun elemantare ba, sauran a bakin kanti na koye shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami da tsufana, akwai wani abu da na gani a ƙauyen mahaifiyata, arewa da Kano, wanda har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Ba ya faɗuwa sai na haɗa da tawa wautar, don tare suka taho. Allah Ya yafe mini.

A shekarun da kuɗin fetur ya shigo ƙasa ina da ɗan shago a Kantin Kwari, iyalina kuma suna Rijiyar Lemo. Wanda bai ga Kwari a lokacin ba, da wuya ya yarda. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya fito neman sutura. Masinjan ofis da bai taɓa sa shadda ba sai ga shi yana murza ta da yatsa yana tambaya ko akwai wadda ta fi wannan. A sauke dilar yadi da hantsi, kafin la'asar ba abin da ya rage sai buhu da igiya. Kwarori, Larabawan da ke riƙe da kasuwar, sun fara sakin kantuna, mu da muke yi musu aiki jiya muka wayi gari da mabuɗi a aljihu. Ni ma na sayi a-kori-kura, na koyi tuƙi, na kuma koyi kaɗa mabuɗin a yatsa don a ji.

Ƙauye kuwa wani hali yake ciki. Fari ya daɗe yana cin gonaki da dabbobi. Muna zaune a shago muna ganin mata suna shigowa Fagge da tasoshin aurensu a ka, suna neman mai saye.

Babban layinmu a kasuwa wani dattijo ne, iyayensa daga Barno suka zo, shi kuwa a Fagge aka haife shi. Alhaji kawai ake ce masa, kamar babu wani alhajin a kasuwar. Da yake dangin uwata Fulani ne, tsakanina da shi akwai wasan Barebari da Fulani, ba ya kirana sai da Bafillatanina. Shi ya tara 'yan layin bayan wata sallar azahar. Da farko hatsi muka riƙa aikawa. Da aka jima ya ce mana hatsi yau ake ci gobe a sake jin yunwa, mu nemo abin da zai daɗe. Haka ƙungiyarmu ta fara haƙa rijiyoyi a ƙauyuka, da buɗe ajin yaƙi da jahilci, wani wurin kuma a sa wa mata injin niƙa.

Ni na roƙa a kai aikin ƙauyen mahaifiyata, na kuma nace a haɗa da ɗakin shan magani mai ungozoma. Ina da dalili. Yayata a can aka aurar da ita. Naƙuda ta yi mata tsawo, aka ɗora ta a amalanken shanu za a kawo ta birni, ta cika a hanya ita da abin da ke cikinta. Ina saurayi lokacin, ni na je na taho da labarin gida. Da na faɗa wa 'yan ƙungiya haka, ba wanda ya yi musu. Alhaji ya ce, "To Bafillatanina, aikin yana wuyanka. Ka tabbata dai ba ruga za ka kafa mana ba."

Samun ungozomar da za ta yarda ta zauna a ƙauye shi ne wuya. Akwai wata mata 'yar ƙabilar Ibo da ke zuwa shagona daga Sabon Gari tana sayen atamfar anko ga matan cocinsu. Ungozoma ce, tana aiki a wani asibitin kuɗi, kowa Sista yake ce mata. A Kano aka haife ta, Hausarta har ta fi tawa zaƙi. Sun tafi lokacin tashin hankali, bayan yaƙin basasa suka dawo ita da maigidanta, shi yana sayar da kayan gyaran mota. Wata rana tana ɗaga turmin atamfa tana duba zanensa a haske na gaya mata buƙatarmu.

Ta ce, "Mai kanti, so kake in bar famfo da lantarki in je sauro ya cinye ni?"

Na ce, "Sista, ai sauron Sabon Gari ya fi na can ƙiba."

Ta yi dariya ta tafi. Na ɗauka maganar ta mutu. Sai bayan wasu makonni ta dawo, ba ta sayi komai ba, ta zauna a kan benci. Ta ce ta yi shawara da maigidanta. Ta ce matan ƙauyen da ake kawo musu asibiti yawanci sai abu ya riga ya ɓaci, ta gaji da wanke hannu a kan abin da ba ta iya gyarawa ba, tana so ta ga mace tun cikin yana ƙarami. Za ta je, amma duk Asabar za ta dawo gida saboda coci da 'ya'ya.

"Kuma ka ji da kyau," in ji ta. "Ba zaman banza zan je ba. Damina ɗaya na ba ka. In mata sun zo, na zauna. In ba su zo ba, da an gama girbi ka zo da motarka ka kwashe ni."

Na ce na ji. A raina ban ga abin da zai hana mata zuwa ba.

Yanzu ga inda na yi tawa. Mu a Kwari darajar shago ƙofarsa ce. Shagon da ya kalli lungu matacce ne ko da siliki aka cika shi, wanda ya kalli hanya kuwa ko tsumma ka rataya za a tsaya. Da wannan ilmin na girma, da shi na je ƙauye. Na zaga na zaga, na zaɓi filin da ke bakin hanya, daura da masallaci, yana fuskantar wata babbar tsamiya. A gindin tsamiyar nan dattawan gari suke shimfiɗa buzu da tabarmi tun daga hantsi har magariba. Na ce nan ne cibiya, nan jama'a take.

Na sa aka yi ginin bulo da siminti, aka fitar da baranda, aka shafa shuɗin fenti. Na je Sabon Gari wajen mai walda ya yi mini ƙofar ƙarfe mai ganye biyu, irin ta manyan kantuna. Sannan na je wajen wani mai rubuta allo a titin da yanzu ake kira Ibrahim Taiwo, ya yi mini babban allon ƙarfe da sunan ƙungiya. A ƙasa na sa ya ƙara sunana, wai mai kula da aiki. Ba wanda ya ce in ƙara. Ni na ga ya dace, na kuma tsaya a kansa har ya ƙara wa haruffan girma.

Mai gari ya zo ya duba, ya ce madalla, Allah Ya saka da alheri. Ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Inna, ita ma ta zo da yamma bayan maza sun shiga salla. Ta tsaya ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ƙofar nan, ɗan nan, ai raƙumi ya shiga da kayansa."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Inna."

"Kuma daga gindin tsamiya ana hango har gadon ciki."

"Ai shi ya sa. Kowa ya gani."

Ta ce, "Lallai kowa zai gani." Ta gyara mayafinta ta wuce. Ni kuwa na koma Kano ina gaya wa mutane har tsofaffi sun yaba.

Aka buɗe ɗakin da farkon damina. Rijiyar da muka haƙa ta ba da ruwa mai daɗi, ajin yaƙi da jahilci ya cika da magidanta. Ɗakin magani ma bai rasa mutane ba. Maza suna zuwa da saran fartanya, da kurkunu, da ciwon ido. Ana aiko yara da zazzaɓi. Amma mace mai ciki ko ɗaya ba ta taka barandar nan ba. Gadon awo yana nan da zanensa fari tas, sikelin jarirai yana rataye gizo-gizo yana saƙa a jikinsa.

Sista ba ta zauna jira ba. Ta riƙa bi gida-gida. Ana karɓarta da fura da ruwan sanyi, a gaisa, a tambaye ta mutanen birni. In ta ce wa mace ta zo a duba ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce to, za ta zo. Ba ta zuwa. A cikin gida kuma ga uwar miji, ga yara, ba inda za ta kwantar da mace ta taɓa cikinta. Ita ma 'yar birni ce, asibitocin da ta sani duk titi suke kallo, don haka abin bai faɗo mata a rai ba kamar yadda bai faɗo mini ba.

Ni kuwa na samu abin hira a kasuwa. In aka tambaye ni labarin ƙauye sai in ce jahilci ne, an kai musu alheri har ƙofar gida sun ƙi. Har kwaikwayon maganarsu na riƙa yi ana dariya. Mutanen da suka haifi uwata. Wannan na daga cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu.

Tsakiyar damina na je kai magani, na tarar da Sista zaune a baranda ba ta ko amsa sallamata da kyau ba. Ta nuna mini wani gida da ba shi da nisa, in ka yi kira daga inda muke za a ji. Ta ce shekaranjiya wata yarinya mai cikin fari ta haihu a can, ɗan bai zo da rai ba, uwar ma da ƙyar. Sai da komai ya wuce aka aiko mata.

Ta ce, "Da na ga cikin nan tun wata biyu da suka wuce, da na san a gicciye yake. Ina nan zaune ina ɗaure wa maza yatsa. Mai kanti, alkawarinmu yana nan. Da an yanke gero zan tafi."

A hanyar komawa yayata kawai nake tunawa. Na san in Sista ta tafi ba wata da za ta zo, ɗakin zai zama rumbun taki, amalanken shanu kuma zai ci gaba da aikinsa.

Abin da ya buɗe mini ido, maiɗakina ce. Wajen ƙarshen damina na ɗauke ta mu je ta gaida Inna. Tana da ƙaramin ciki, hanya kuma ta jijjiga ta, muna isa tana cewa jiri take ji. Na ce ai an zo wurin, na taka burki daidai bakin barandar. Dattawa suna gindin tsamiya, har da kawuna, suka ɗago hannu suna mana barka da zuwa.

Na ce, "Sauka Sista ta duba ki."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "A nan?"

"To a ina? Ga ƙofa a buɗe."

"Malam, wancan ba Kawu ba ne?"

"Shi ne. Sai me?"

"Sai in sauka a gaban surukina in shiga ɗakin ungozoma? In ce masa me? Ai gara ka ba ni ganga in zaga gari ina shela."

Na ce, "Ke fa 'yar birni ce."

Ta ce, "'Yar birnin ba ta da kunya aka ce maka? Ja motar nan, don Allah, suna kallonmu."

Ban ja nan da nan ba. Na juya na dubi tsamiyar daga inda take zaune. Tun da aka fara ginin, kullum daga gindin tsamiya nake tsayawa in kalli ƙofar ina jin daɗi, ban taɓa tsayawa a ƙofar na kalli tsamiyar ba. Ga su nan jere: uban wannan, surukin waccan, liman, mai gari. Duk macen da ke garin, akwai wanda take jin nauyinsa a kan tabarmin nan. Mace da take ɓoye cikin fari ko ga uwar da ta haife ta, ni na ce ta ratsa gabansu da rana tsaka ta shiga ƙofar da raƙumi zai shiga.

A gidan Inna aka aika aka kira Sista ta duba maiɗakina a ɗaka. Da suka fito, maiɗakina ta ba su labarin abin da ya faru a mota. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Sista ba ta yi ba, ta dafe kai.

"Inna, wata nawa ina shan furarku? Me ya hana ko mutum ɗaya ya gaya mini?"

Inna ta ce, "'Yar nan, ke baƙuwa ce, ba ke kika gina ba. Shi kuma kyauta ya kawo. Mutum ya ɗauko abu tun daga birni ya ajiye maka, ka buɗe baki ka ce ya ajiye a karkace? Ni dai na ɗan taɓa masa."

Na ce, "Yaushe?"

"Ran da na ce maka kowa zai gani. Ka ce mini ƙwarai kuwa."

A nan Sista ma ta fashe da dariya. Mata uku suka sa ni a tsakiya, ni da mabuɗin motata.

Na kai wa Alhaji maganar a kasuwa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Allahu akbar. An aiki Bafillatani ya gina asibiti, ya je ya buɗe shago. Ka sa musu atamfa a baranda mana." Da aka gama dariya na ce a ba ni siminti in gyara. Ya ce siminti ya yi wuya a garin, ko gwamnati nema take. Sannan ya rage murya ya ce ko da akwai ba zai bayar ba.

"Karon farko ka je da siminti ba ka tambayi kowa ba. Wannan karon ka je hannu wofi. Ka zauna a gindin tsamiyar nan, ka ce musu ka yi kuskure, ka tambaye su yadda za a yi."

Ban tafi ba. Wannan ma sai na faɗa. Na yi makonni ina kawo uzuri, yau kaya sun iso, gobe mota ba lafiya. Gaskiyar ita ce ina jin kunyar in durƙusa gaban mutanen da na gama kira jahilai. Ruwa ya ɗauke, aka fara yankan gero, ina nan. Sai da maigidan Sista ya biyo ta shagona ya ce madam ta ce in shirya mota, ta fara ɗaure kaya, sannan na tashi.

Na isa da hantsi, na cire takalmi, na zauna a ƙasa gefen tabarma. Bayan gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar nan na sa ta inda bai kamata ba. Na yi muku gini irin na kasuwa. Ban tambaye ku ba, kuma na je ina zarginku a birni. Ku yafe mini, ku gaya mini yadda za a yi."

Kawuna ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mai gari ya ce, "Ɗanmu, tun ranar da aka ja igiyar harsashi muka gani. Mu ma ba daɗi muke ji ba, muna zaune nan mun zama dodo ga 'ya'yanmu. Mun yi shawarar mu tashi daga tsamiyar, to masallaci fa? Amma ginin naka ne, ba mu taɓa shi sai ka ce. Yanzu ka ce?"

Na ce, "Na ce."

Ya juya ya dubi wani magidanci, ya ce a gaya wa makaɗi jibi akwai gayya.

Na san gayya tun ina yaro, yadda gari ke taruwa a yi wa mutum ɗaya noma ko gini a yini guda, ba lada sai tuwo da godiya. Amma a raina na ce gini ai sai da tubali, tubali kuma sai an buga an shanya ya bushe, kafin nan Sista ta tafi. Na kwana biyu a gidan Inna da wannan damuwar.

Ranar gayya, rana tana fitowa ganga ta tashi. Na fito na tsaya bayan ɗakin magani, inda filin ya gangara wajen gidaje. Sai na ga mutane suna fitowa daga kowane lungu, a jere kamar tururuwa, kowa da tubali a ka. Busasshe. Wasu a kwando, wasu a bayan jaki, tsofaffi da ɗaya-ɗaya a hannu. Na tari wani na ce daga ina? Ya ce daga bayan ɗakinsa. Na tari wani, ya ce haka. Ashe tun ranar da aka yi dariyar nan a gidan Inna, magana ta bi mata, mata suka kai wa mazansu. Da ruwa ya ɗauke, kowane gida ya kwaɓa ƙasa ya buga nasa tubalin ya jera a bayan ɗaki. Duk makonnin da nake Kwari ina kawo uzuri, tubalin nan yana bushewa yana jirana. Ba wanda ya aiko mini, ba wanda ya sa hannu a ginin. Gari guda ya shirya tsaf, ya zauna yana jiran kalma ɗaya daga bakin mutumin da ya zage su.

Na zauna a kan wani turmi da aka kifa. Na ga dukiya a Kwari, na ga dila har rufin kanti, amma ban taɓa ganin abin da ya cika mini ido kamar tarin tubalin nan ba.

Aiki ya kankama. Samari suna jan ruwa daga sabuwar rijiya, wasu suna taka ƙasa da ƙafa suna bin ganga. Magina suka hau, ana jefa musu curi suna cafewa ba ko kallo. Makaɗi yana kiran kowane gida da kirarinsa, wanda aka kira sai ya ƙara himma. Ana tsokanar juna.

"Kai, wannan curin naka ko na fura ne?"

"Cafe dai, tsoho, in hannun bai mutu ba!"

Katanga ta tashi ta kewaye bayan ɗakin, ta bar tsakar gida mai faɗi. Daga nan suka ja wani siririn lungu, rabi katanga rabi zana, har ya haɗe da hanyar da mata ke bi zuwa rijiya. Mace za ta fito da tulunta kamar kullum, ba wanda zai san inda ta ratse. Ni da na yi wata da watanni ina kula da aiki, ko a mafarki ban hango wannan ba.

Da aka zo fasa bangon baya, mai gari ya miƙo mini guduma. Ya ce ni na gina, ni zan fara. Na ɗaga na buga wa shuɗin fentina. Sista tana tsaye da hannu a ƙugu tana cewa, "Da ƙarfi, mai kanti, ba yadi kake aunawa ba!"

Aka fasa ƙofa 'yar daidai, wadda mutum ɗaya zai shiga. Sai aka rasa abin da za a yi mata murfi, don ba katako a garin. Ana ta shawara, wani ya ce a rataya tabarma, Sista ta ce awaki za su cinye mata auduga. Na ga mai gari ya ɗaga kai ya dubi allon ƙarfen da ke saman baranda, ya yi sauri ya kawar da ido. Ba zai faɗa ba. Wannan karon na ji abin da ba a faɗa ba. Na sa aka kawo tsani, na hau da kaina na kwance shi. Maƙerin garin ya rage tsawonsa ya yi masa maratayi. Wajen da ya yanke ya yar, nan sunana yake. Abin mamaki, ban ji zafin da na zata zan ji ba.

Kafin la'asar an gama. Aka ci tuwo, liman ya yi addu'a, kowa ya watse. Sista ta zaga ta duba, ta buɗe ƙofar ta rufe. Ta ce, "Ya yi kyau. Amma katanga ba ta haihuwa. Kayana suna ɗaure, gobe da azahar za mu gani."

Washegari na rasa inda zan sa kaina, sai na je gindin tsamiya na zauna da dattawa. Daga nan ba abin da ake gani sai baranda da babbar ƙofa, wayam kamar kullum. Wani ya zo aka wanke masa gyambo ya tafi. Hantsi ya yi. Ina ta miƙa wuya, kawuna ya ce, "Zauna, ɗan nan. Ai don kada ka gani aka yi."

Can sai na ji wani abu ta bayan katanga. Kamar tari. Sai muryar mace tana sallama ƙasa-ƙasa, wata ta amsa. Jim kaɗan sai kukan jariri, sai wani ya karɓa. Sai ƙarar sikelin nan da gizo-gizo ya yi wa saƙa. Kafin rana ta take, bayan katangar nan ya koma kamar gidan suna, ana hira, ana dariya, ina jin muryar Inna sama da ta kowa tana tsara wa mutane layi. Dattawa ba wanda ya ɗaga kai. Sun ci gaba da zancen farashin gero kamar ba sa ji. Amma na ga liman yana share ido da bakin rawaninsa, mai gari kuma ya tambayi mutum ɗaya tambaya ɗaya har sau uku.

An kira azahar an idar, Sista ba ta fito ba. Sai wajen la'asar ta leƙo ta babbar ƙofa, gumi ya jiƙa mata riga, hannunta riƙe da ƙahon da take sauraren ciki da shi. Ta ƙwala mini kira.

"Mai kanti! Motarka tana da mai?"

Na taso na ce akwai.

"To ka kama hanya tun da rana. Ka biya Sabon Gari ka gaya wa maigidana Asabar ɗin nan kada ya jira ni da wuri. Ka ce ya ba ka babbar tukunyata da sauran zannuwan gado. Ka taho da maganin ƙarin jini, duk wanda ka samu. Akwai biyu a ciki da ba na son yadda idonsu ya yi fari."

Na ce, "Kayan da kika ɗaure fa?"

Ta ce, "Innarka ta kwance, tana neman abin shimfiɗa. Tafi mana, ka tsaya kana kallona!"

Na tafi. Har na wuce gonakin garin ban iya ganin hanya sosai ba, sai da na tsaya a gefe na wanke fuska.

Sista ta yi shekaru a garin, har ta koya wa wasu matan aikin kafin ƙafa ta hana ta zirga-zirga. Na ci gaba da kai magani, kullum ta babbar ƙofa nake shiga in ajiye in fito. Lungun nan ban taɓa taka shi ba, ba hurumina ba ne. Sau ɗaya dai, ina kan bayan mota ina sauke kwali, na hango shi ta saman zana. Ƙasar wurin ta lotsa ta yi santsi saboda sawu. A duk shekarun nan ban ga shigar mace ko ɗaya da idona ba, sai dai in ga yara suna ƙaruwa a bakin rijiya.

Yawancin waɗanda suka ɗauko tubalin nan a ka sun riga mu gidan gaskiya, Alhaji ma haka, Inna ma haka. Ya Allah, Ka haskaka makwancinsu, Ka saka wa baiwarKa da ta bar famfo da lantarki saboda 'ya'yan wasu, Ka jiƙan yayata. Ni kuma Ka karɓi ɗan abin da ya rage na aikin bayan an yanke sunana daga jikinsa.